Shari'ar Ɗorawa Da Baba Bai Yanke Ba

Ni ba na kallon kashi na biyu na kowane fim. Abokan ɗinkina a kasuwa sun san haka, shi ya sa suke tsokanata. Idan muka gama na ɗaya a wayar wani, ana cewa a sa na biyu, sai in ja kujerata in koma kan keken ɗinkina. Suna cewa iyayi ne. Wani ma ya ce da ni ai ɗumame ya fi tuwon dare daɗi, na ce masa wannan a tuwo ne, kuma ko a tuwon sai an dace da miya. Ban taɓa zama na ba su dalilina ba, don akwai abin kunya a ciki, kuma kunyar tawa ce.

Garinmu yana wajen Tofa, cikin irin ƙauyukan nan da ba ka gane inda wani ya ƙare wani ya fara, gona manne da gona, gida a tsakiyar gero. Inda ƙasa ta yi kaɗan mutane suka yi yawa haka, taku ɗaya na iyaka ya isa ya raba zumunci. Mahaifina shi ake kawo wa irin wannan rigima a unguwarmu. Ba mai unguwa ba ne, ba malami ba ne, manomi ne kawai da ya san wanda ya dasa kowace gamba da kowace bishiya tun daga bakin rafi har titi. A zauren ƙasa da kakanmu ya gina yake zama, kan wani dakali da ya yi santsi saboda zama. Yana da ƙa'ida ɗaya da kowa ya sani: ba ya shari'ar iyaka hatsi na tsaye. Yakan ce wanda ke kallon dawarsa ba ya jin gaskiya.

Wata Juma'a da damina, ina gida don ba na shiga birni ran Juma'a, sai ga wata farar bas ta tsaya a ƙofar gidanmu. 'Yan fim ne daga Kano, suna neman zauren ƙasa da za su ɗauki wani wuri a ciki. Baba ya ce su shiga, zaure ai na baƙi ne. Suka baje wayoyinsu da fitilunsu, suka yi ta jiran wanda zai fito a matsayin dattijon gari, har aka sauko daga masallaci bai zo ba. Ashe motarsa ce ta lalace a hanya. Daraktan, wani siririn saurayi mai yawan duba agogo, ya tsuguna a gaban Baba.

"Baba, dan Allah taimaka mana za ka yi. Zama kawai za ka yi a inda kake ɗin nan. Wa da ƙani za su shigo da rigimar gona, ka ce su yi haƙuri, su ji tsoron Allah. Shi ke nan fa."

"Rigimar mece ce?" in ji Baba.

"Ɗorawa ce a kan iyakar gonar gado, kowa ya ce tasa ce."

"To, su shigo."

Suka shigo suna ɗaga murya kamar yadda aka koya musu. Baba bai ce su yi haƙuri ba. Ya bar su suka gama, sannan ya dubi babban ya ce, "Wa ya dasa ta?" Mutumin ya waiwayi darakta, don babu wannan a takardarsa. Darakta ya yi masa alama da hannu ya ci gaba. Mutumin ya yi 'yan kame-kame, ya ce ubansu ne ya dasa ta shekarar da aka haife shi. Ƙanin, don kada a bar shi a baya, ya ce ai mahaifiyarsa ce ke ɗibar kalwar tun uban yana raye. Baba ya gyara zama. Na san wannan gyaran zaman, shi yake yi idan magana ta fara shiga hanya. Ya ce da babban, "Miƙo hannunka." Ya juya tafin, ya shafa, ya ce, "Wannan bai san fartanya ba. Wa ke yi maka noman?" Mai riƙe da kyamara ya ciji leɓe don kada dariya ta kuɓuce masa. Ɗan wasan kuwa kunyar gaske ta kama shi, har gumi ya tsatso masa a goshi.

Daga ƙarshe Baba ya ce, "Ku tashi ku je. Ku dawo bayan kaka. Ba a shari'ar iyaka hatsi na tsaye."

Darakta ya yi tsalle har kansa ya kusa taɓa azara. Ya ce a nan fim ɗin zai ƙare, sauran sai a kashi na biyu.

Da rani fim ya fito, kuma abin ya wuce tunaninmu. Duk wanda ya je wajen masu tura finafinai a waya, sai ka ji yana cewa a sa masa na tsohon nan mai duba hannu. Idan Baba ya je kasuwar Rimin Gado, kafin ya isa layin masu taki an tare shi sau nawa: "Baba, wai ɗorawar nan ta wa ce?" Ya yi murmushi ya ce kaka ba ta yi ba tukuna. Ni na ɗauka raha yake yi. Sai wata rana da damina ta dawo, muna noman biyu, ya tsaya ya dogara da fartanya ya ce, "Kai, na gano ta." Ni ne ɗan fari, ba ya kiran sunana, kai ɗin nan ita ce sunan.

"Me ka gano, Baba?"

"Shari'ar yaran nan."

"To ta wa ce?"

"A gabansu zan faɗa. Ba a yanke hukunci a bayan idon masu shi."

Na ce, "Haba Baba, ai wasa ne. Babu gonar, babu ɗorawar."

Ya dube ni irin duban da yake yi wa wanda ya kawo shaidar banza. Ya ce, "Na san wasa ne, ba ƙuruciya ke damuna ba. Masu kallon fa? Gida nawa ne a ƙasar nan ke da bishiya a kan iyaka, wa da ƙani ba sa gaisawa? Waɗanda ke zuwa zaurena 'yan unguwa ne. Wannan kuwa zan faɗa sau ɗaya, a ji har inda ƙafata ba za ta taɓa zuwa ba." A ranar na gane cewa tsohon nan, wanda bai taɓa neman komai a wajen kowa ba, yana son abu ɗaya da dukan zuciyarsa, wato ranar da za a dawo a zaunar da shi ya yanke wannan shari'a.

Ni kuma abin da ke cina daban ne. A kasuwa an gane gidanmu ne. Wani maƙwabcin shagona, mai baki kamar reza, ya tsayar da fim ɗin daidai inda tsagar bango ta fito, ya yi ta nuna wa mutane. Ya ce ashe idan 'yan fim na neman inda za su nuna talauci gidanmu ake kai su. Wanda ya fi ƙona mini rai shi ne facin da ke kafaɗar rigar Baba. Ɗansa tela, yana ɗinka wa alhazai manyan riguna, ga ubansa duniya na kallonsa da faci. Duk wanda ya yaba fim ɗin a gabana, facin nan kawai nake gani.

Saboda haka da darakta ya bugo waya ya ce suna nan tafe bayan kaka, na san abin da zan yi. A wajenmu ba a tarbar baƙo da gida a hargitse. Ko surukai za su zo sai an yi shara, an yi yaɓe, an fito da sabuwar tabarma, balle a ce duniya ce gaba ɗaya za ta sake leƙo maka zaure. Na sami Inna na faɗa mata, ta ce gaskiyata, na farko sun zo mana ba shiri, wannan karon ba mu da uzuri. Baba ya ce yaɓe ya isa. Na ce yaɓe ba ya rufe tsaga. Na yi ta bin sa, safe da yamma, har na faɗi maganar da na san za ta karya shi, na ce hukunci mai girma irin wannan bai kamata a yanke shi a wurin da za a raina mai yanke shi ba. Sai ya ce, "Yi yadda ka gani."

Ranar da magina suka sa diga a bangon zauren, Baba ya saɓi fartanya ya tafi gona, alhali an gama girbi, babu abin da zai yi a can sai kallon kara. Cikin mako uku muka tsayar da zauren bulo, da rufin kwano, da ƙofar ƙarfe, aka shafe shi da shuɗin fenti. Dakali ya tafi, na sayo farar kujerar roba mai hannu. Na zauna na ɗinka masa babbar riga ta shadda, na yi mata aikin da ban taɓa yi wa wani alhaji ba. Tsohuwar rigar kuwa Inna ta yayyage ta ta yi tsumman sauke tukunya. Ban gaya wa darakta komai ba, wai so nake mu ba su mamaki. Mun kuwa ba su.

Da bas ɗin ta zo, wuce gidan ta yi. Sai da na bi su da gudu ina ɗaga hannu suka yi baya. Darakta ya sauko yana waige-waige.

"Malam, ina zauren?"

Na nuna masa da alfahari, na ce, "Ga shi nan."

Ya dubi shuɗin bango, ya dubi Baba a kujerar roba cikin shadda tana ƙyalli, ya ɗora hannu biyu a ka. "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Malam, me kuka yi? Me kuka yi mana?"

Wallahi da farko na ɗauka daɗi ne ya yi masa yawa. Sai da na ga sauran sun sauko sun yi cirko-cirko, babu mai ko murmushi, sannan na gane da matsala. Ya ce kashi na biyu daga inda na ɗaya ya tsaya yake tashi, mutanen nan biyu za su dawo zauren da suka bari ne, su sami tsohon da suka bari. Ya ce bangon nan mai tsaga shi suka zo nema tun daga Kano. Ya tambayi rigar, na ce babu. Ya tambaye ni ko da gaske nake, na ce tana madafi. Garin neman gira na rasa ido, kuma idon ba nawa ba ne.

Baba ya taso da rigarsa tana jan ƙasa. Ya ce, "Yaro, ai hukuncin ba a jikin bango yake ba. Ku kai ni kowane zaure, ku ba ni kowace riga, zan zauna."

Darakta ya duba agogo, ya ce, "Za mu neme ka, Baba, in sha Allahu. Bari mu je mu sake tsari."

Suka cinye shinkafa da zabin da Inna ta dafa musu tas, har yau in na tuna wannan sai raina ya ɓaci, sannan suka hau motarsu suka yi gaba. Kwana uku Baba yana saka babbar rigar nan tun da safe, ya zauna a ƙofar gida yana sauraron ƙarar mota. A na huɗu ya ninke ta ya ba Inna ta sa a akwati. Na buga wa darakta waya har na gaji, kullum suna kan aiki.

Aka shafe watanni. Wata rana da hantsi, gab da faɗuwar damina, muna zaune da Baba a ƙofar gida muna ɓarar gyaɗar iri, sai ga ɗan acaɓa ya tsaya da wata mata a baya. Gwaggona ce, ƙanwar Baba da ke aure a wajen Gezawa. Idanunta sun kumbura, ta sauko tana salati tana kuka, ko kallon inda muke ba ta yi ba ta nufi cikin gida. Baba ya ce, "Ke, lafiya? Wa ya mutu?"

Ta juyo. Ƙullin da ke hannunta ya faɗi. Ta ja da baya har ta bugi bango, tana nuna shi da yatsa. Da ƙyar ta ce, "Yaya? Kai ne?"

"Da wa kika zo nema?"

Ta zube a wurin ta fashe da wani sabon kukan. Sai da Inna ta fito ta ba ta ruwa muka ji bayani. Kashi na biyu ya fito, mu ba mu sani ba. Matan gidansu ne suka kira ta suka nuna mata a waya: tun farkon fim ga hoton Baba, ga addu'ar Allah ya jiƙansa a rubuce a ƙasa. To haka 'yan fim ke yi idan wani nasu ya rasu da gaske, kowa ya san wannan. Ta kira wayata ba ta shiga ba, ta ce ai dole, mutum na wajen jana'izar ubansa. Kafin azahar wasu dattawa biyu daga wani gari sun iso su ma, da carbi a hannu. Baba da kansa ya tarbe su, ya shimfiɗa musu tabarma. Ɗayan ya kasa haɗa ido da shi.

Na hau babur na je bakin titi aka tura mini fim ɗin, muka zauna a sabon zauren, kwano na ta zuba mana zafi, muka kalla. Ga hoton Baba nan da facinsa, an cire masa kala, an sa kiɗa mai ban tausayi. Daga nan sai ga wa da ƙanin nan a wani zauren ƙasa na wani ƙauye suna karɓar gaisuwa, wai dattijon gari ya cika kafin kaka. Har makara suka nuna, an lulluɓe ta, mutane na ɗauke da ita a kafaɗa. Inna ta miƙe ta shige cikin gida. Na kai hannu zan kashe, Baba ya riƙe mini hannu ya ce, "Bari mu ga yadda za su raba."

Ba su raba ba. Wata yarinya ta shigo labarin, aka yi waƙa, aka yi rawa, 'yan sanda suka zo suka tafi, daga ƙarshe wani kawu mai kuɗi ya dawo daga ƙasar waje ya sayi gonakin biyu ya ba kowa mota. Ɗorawar ko sau ɗaya ba a sake ambatonta ba. Amma ba su manta abin da ya ba mutane dariya a na farko ba. Sun samo wani ɗan barkwanci, sun manna masa gemun auduga, yana bin mutane yana cewa su miƙo hannu. Sau uku ya yi, kowane da ƙarin murguɗa baki.

A nan na fahimci abin da ya sa na farko ya shiga ran mutane. A na farko babu wanda ya san me zai faru, har masu yin sa. Baba bai san za a so shi ba, tambayar da zai yi wa kowane mai ƙara ya yi, ɗan wasan kuma gumin gaske ya yi. A na biyu kowa ya riga ya san inda aka yi tafi, sai ya koma can ya tsaya yana jiran a sake. Ba kuma 'yan fim kaɗai ba, da ni a ciki, ni na fara ma. Da na san ana kallonmu sai na tashi gyara abin da aka so, na kasa gane cewa shi ɗin ne aka so.

Na kira darakta ranar, wannan karon ya ɗauka. Na zazzage masa abin da ke cikina, na ce sun kashe mini uba yana raye, sun tayar da hankalin dangi. Ya ce, "Malam, a labari ne ya mutu. Ranar mun tara ma'aikata suna jira, rana na tafiya, zauren da muka samu yana da nisa, dole muka canza. Ka yi haƙuri, amma ba mu muka rushe zauren ba." Na kashe wayar.

Baba bai yi mini faɗa ba, ko sau ɗaya, kuma da ya yi da na fi samun sauƙi. Ya ci gaba da karɓar masu rigimar iyaka, sai dai a gindin darbejiyar ƙofar gida yake shimfiɗa buzunsa, ya ce zauren ya cika amsa murya. A kasuwa aka daina tambayarsa ɗorawa, aka koma cewa, "A'a, Baba, ashe kana nan?" Ya ce yana nan.

Bayan kakar wannan shekarar, muna ɗaure dawa mu biyu a gona, na yi ta maza na ce, "Baba, na yi maka laifi, ka yafe mini."

"Na yafe tun ranar," in ji shi, bai ɗago ba.

"To ni dai ka gaya mini. Ga shi an cire amfani, babu hatsi a tsaye. Ɗorawar nan ta wa ce?"

Ya ja igiyar damin ya ƙulle, ya taka shi da ƙafa. Sannan ya dube ni, ba da fushi ba, ya ce, "An riga an kai ni, kai ma ka ga makarar. Ka taɓa jin an tono mutum don ya raba gardama?"

Ya ƙara shekaru kaɗan a duniya bayan wannan. Da aka yi rasuwar ta gaske, aka share makoki, na tambayi Inna ko ya taɓa faɗa mata. Ta ce takan ji shi a gona yana maimaita maganar shi kaɗai, a hankali, kamar mai tilawa, amma ba ta taɓa matsawa kusa ba, don ta san ba ita ya tanadar wa ba.